Wai Jahilci Ne Ya Ci Idon Mutumin Katabu?

Akwai wata kalma da mu 'yan boko muka riƙe kamar sandar makiyayi, duk inda talaka ya shiga uku sai mu ɗaga ta mu maka masa. Kalmar nan ita ce jahilci. Yaro ya mutu da ƙyanda, jahilci. Mace ta rasu wajen haihuwa, jahilci. Manomi ya yi wata uku yana fama da jan ido har hakiya ta rufe masa gani, nan ma sai ka ji an taɓe baki ana cewa ai ga asibiti nan kusa da shi, shi ya ƙi zuwa. To, ni dai ban yarda ba, kuma a kan wannan na ƙarshen nake so mu yi ta yau, tun da Edita ya ba ni fili. Da garin Katabu zan kafa hujja, domin babu inda maganar masu cewa jahilci ta fi kama da gaskiya kamar can. In ta faɗi a can kuwa, ban ga inda za ta sake tashi ba.

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kaduna ya san Katabu, ko da bai san sunan ba, don galibi Mararrabar Jos ake ce wa wurin. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, daidai inda hanyar Pambeguwa ta ɓalle ta nufi gabas. Gari ne na bakin titi, inda manyan motoci kan yada zango, ga makanikai, ga masu walda, ga masu faci, ga masu abinci, bayansu kuma gonaki. Daga nan in ka miƙe kudu sai Rigachikun, sai Kawo, ka karkata wajen Mando sai ga ka a ƙofar Asibitin Ido na Ƙasa. Watau mutumin Katabu yana iya yin sallar asuba a gida, kafin hantsi ya dubi ludayi yana tsaye gaban babban asibitin da Gwamnatin Tarayya ta keɓe wa ido kurum.

Ba kuwa yau Kaduna ta fara zama garin ido ba. Tun farkon shekarun 1960 kamfanin Guinness ya gina asibitin ido a garin, wanda ya yi shekaru yana ƙarƙashin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1979 Gwamnatin Mulkin Soja ta kafa Asibitin Ido na Ƙasa da Doka ta 52. A ƙauyukan Jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka gwada maganin Mectizan, suka bayyana wa duniya a 1993 cewa shansa sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar gani ga masu makantar kogi. A Kaduna ƙungiyar Sightsavers ta kafa ofishinta. Can Kano kuma ga asibitin ido na mishan, na ECWA, yana aiki tun 1943. Saboda haka mai cewa jahilci yana da abin nunawa. Zai ce maka ga likitoci, ga na'urori, ga hanya mai kwalta, me ya rage in ban da duhun kai?

Har ma zan ƙara masa harsashi. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kashi 4.2 cikin 100 nasu makafi ne, watau in an auna da yawan jama'a wajen mutum miliyan 1.13 ke nan. Aka tarar kashi 84 cikin 100 na wannan makanta irin wadda za a iya hanawa ce ko a warkar. Aka kuma tarar makanta ta fi yawa a Arewa: kashi 6.1 a Arewa maso Gabas, alhali kuwa 2.8 ne a Kudu maso Yamma. Sa'an nan ga abin da masu zargin talaka suka fi so: makanta a cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba ta ninka ta masu karatu fiye da sau uku. Shi ke nan, in ji su, magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Wane ne wanda bai iya karatun ba? Shi ne wanda ke sussuka da shiƙa, shi ke fasa dutse, shi ke kwana ƙarƙashin tanka yana kwance ƙarfe, matarsa ce ke wuni cikin hayaƙin murhu. Wanda ya iya karatun kuwa yana ofis, ƙarƙashin fanka, ƙaya ba ta tsone masa ido, in kuma idon ya yi ja sai ya rubuta takardar neman hutu albashinsa na tafiya. Alƙaluman nan sun nuna mana wanda ciwo ya fi samu da wanda magani ya fi kuɓuce wa. Ba su ce wauta ce ta jawo ba. Mu ne muka ƙara wannan da bakinmu, don ya fi mana sauƙi.

Bari mu yi lissafin da mutumin Katabu yake yi, don wallahi yana lissafi, kuma ya fi mu iya shi. A ce ga mai walda, ko birkila, ko mai tura baro, wanda sai ya fita da safe sa'an nan a ɗora tukunya da yamma. Idonsa ɗaya ya yi ja, yana hawaye, yana kwantsa. Zuwa Mando yana nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, ba nasa kaɗai ba, har da na wanda zai raka shi, domin mai ciwon ido ba ya tsallake titin Kawo shi kaɗai. Yana nufin kuɗin kati, da na awo, da na magani. Yana nufin asarar wuni guda ga mutum biyu. Kuma ciwon ido mai naci ba a gama shi a zuwa ɗaya. Likita zai ce dawo jibi, dawo bayan mako, kuma da gaskiyarsa, don gyambon ido sai ana dubawa ana canja magani. Kowane "dawo" wuni ne da yara za su kwana da yunwa. A ɗaya hannun kuma ga kemis can tsallaken titi, taku hamsin, ba kati, ba layi, mai shagon ya san shi har yana ba shi bashi. Ya kai mai karatu, ɗora kanka a kan wannan sikeli ka faɗa mini tsakani da Allah wane gefe za ka bi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga shi kuma aikin ba ya jira. Haka zai ɗaura ƙyalle ko ya sa baƙin tabarau na bakin titi ya koma cikin ƙurar da ta jawo masa ciwon. Direban babbar mota zai kama sitiyari da dare da ido ɗaya da rabi, fitilar kowace mota da ta tunkaro shi kamar an soka masa allura, ga kaya tan talatin a bayansa, ga mu da ku a kan titin. Tela zai yi ta lalube yana neman kafar allura. Matar gida ba ta da ma wanda za ta nemi izini a wurinsa, hayaƙin safe daban, na dare daban. Ciwon da hutu da tsabta za su taimaka masa ya lafa, sai ya zama kullum ana fama masa.

Amma tushen ɓarnar yana gaba. Mu Hausawa muna cewa "ciwon ido" kamar abu ɗaya ne, alhali kuwa taron cututtuka ne da ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, sai dai duk suna sa ido ya yi ja. Akwai Afolo, wanda ya fara ɓulla a Gana a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata da kumbon da ya ba ciwon suna. Shi ƙwayar bairas ce ke kawo shi, yana bin gida gida, babu maganin ɗigawa da ke kashe ta, kuma cikin mako ɗaya ko biyu yakan tafi don kansa. Akwai na bakteriya mai manne ido da kwantsa da safe, wanda man ido mai araha ke warkarwa. Akwai amosanin ido, wanda ƙuda da rashin ruwan wanke fuska ke yaɗawa, yana kama yaro yana saki har bayan shekaru fatar ido ta ƙanƙance, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar, wanda kuwa sai an yi ƙaramin aiki. Akwai toshewar hanyar hawaye, inda ido ɗaya zai yi shekara yana ruwa da mugunya, ka ɗiga kogin magani ba zai daina ba sai an buɗe hanyar. Akwai na yaran nan da farin idonsu ke rinewa ya yi ƙasa-ƙasa, suna ta murza, wanda ma ba ƙwayar cuta ba ce, jikinsu ne ba ya shiri da ƙura da iska. Akwai kuma wanda ciwon sukari ne ke ɓoye a bayansa, shi ya sa yake warkewa yana dawowa. Duk waɗannan, a bakin mai ciwo da bakin mai kemis, sunansu ɗaya, maganinsu kwalba ɗaya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na manomi, don shi ne ciwon kaka. A saman baƙin ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashin agogo, kaurinta wajen rabin milimita ne kurum, ta cikinta haske yake shiga. Ana cikin yankan shinkafa ko karyar masara ko shiƙar dawa sai ganye ya shafce ta, ko ƙaiƙayi ya faɗa. (Ku lura, ya ku masu nazarin harshe, Bahaushe da kalma ɗaya ya kira dusar hatsin da abin da take sa jiki.) Ƙarzar ba ta kai a kula ba. Amma a jikin ganyen nan akwai ƙwayar funfuna, danginsu ɗaya da wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku, sai ta sami ƙofa ta shiga. Bayan 'yan kwanaki sai zogi, sai gudun haske, sai wani ɗan farin ɗigo a kan baƙin ido. Maganin bakteriya ba ya taɓa funfuna, ko da an ɗiga shi sau ɗari. Gyambon zai yi ta ci a hankali, mako biyu, mako huɗu. In an yi sa'a ya warke ya bar hakiya. In ba a yi ba ya huda fatar, ruwan ido ya tsiyaye, a ƙarshe sai dai likita ya cire ƙwayar gaba ɗaya. Masana sun ƙiyasta a 2021 cewa fiye da ido miliyan ɗaya ke kamuwa da wannan gyambo na funfuna kowace shekara a duniya, mafi yawa a Asiya da Afirka, a cikin manoma.

Maganinsa yana nan, sunansa natamaisin. Wani babban gwaji da aka yi a kudancin Indiya, aka bayyana sakamakonsa a 2013, ya nuna ya fi sabon maganin da aka gwada su tare, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Amma samunsa a ƙasashen Afirka da yawa aiki ne ja. In ma an samu, ga yadda ake amfani da shi: ɗigo kowace sa'a, dare da rana, a kwanakin farko, sa'an nan a ci gaba har makonni. To, ku gaya mini yadda mai kwasar yashi zai ajiye shebur kowace sa'a, ya wanke hannu, ya ɗiga magani, ya koma. Maganin kansa yana bukatar mutum ya bar aiki. Wanda bai tanadi abin da iyalin nan za su ci ba, bai gama rubuta takardar magani ba.

Yanzu sai mu zo kan kwalbar da na ɗauki alƙalami dominta. A cikin magungunan ɗigawa akwai wani jinsi da ake kira sitiroyid, irin su deksametason da betametason da firednisolon, sau da yawa a gauraye da maganin bakteriya cikin kwalba ɗaya. Aikinsa shi ne ya kwantar da kumburi. A hannun likitan da ya duba ido da na'ura, magani ne mai daraja, yana ceton gani. A hannun wanda bai duba ba, wuƙa ce a hannun yaro. Dalili kuwa, jan da ido ya yi da zafin da yake yi, alama ce ta yaƙin da jiki ke yi da cuta. Sitiroyid ba ya kashe cutar, sojan jiki yake kwance wa ɗamara. Saboda haka cikin kwana ɗaya ko biyu ido zai yi fari, zogi ya lafa, mai ciwo ya yi hamdala ya koma bakin aiki, ya kuma gaya wa maƙwabcinsa cewa ga magani sha yanzu magani yanzu. Can ciki kuwa funfuna ta sami gona ba mai gadi. Haka nan bairas ɗin nan mai sa ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, in ta kama ido aka ɗiga mata sitiroyid, gyambon faɗi yake yi.

Ba a nan ta tsaya ba. Tun shekarun 1960 likitocin Amurka suka auna suka ga cewa in aka yi mako huɗu zuwa shida ana ɗiga wannan magani, kusan mutum ɗaya cikin uku ruwan cikin idonsa yakan hau, wajen biyar cikin ɗari kuwa ya hau ƙwarai. Wannan shi ne hawan jinin ido, mai cin jijiyar gani ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Daɗewa a kansa yana kuma kawo yana. Yara sun fi saurin faɗawa. Ka tuna yaran nan masu murzar ido da na ambata? Su ne manyan masu cinikin wannan kwalba, domin da an ɗiga ƙaiƙayin ya tsaya, da an daina ya dawo, sai uwa ta yi ta aike ana sayowa shekara da shekaru. Ciwon da galibi yakan bar yaro don kansa in ya balaga, sai ya bar shi da makantar da ba ta da magani. Uwar nan ba sakaci ta yi ba. Kuɗinta ta kashe, a kantin magani, a kan maganin Bature mai kwali da hatimi, kamar yadda muka yi shekara hamsin muna yi mata wa'azi a rediyo ta yi. Ina jahilcin yake a nan, kuma na wane ne?

Na san za a ce to, ina batun masu zuba wa ido abin da ba a zubawa? Ba zan rufa musu asiri ba. Ana ɗiga ruwan sukari, da ruwan albasa, da nonon mace, da ruwan ganyaye, da ruwan batir, har da fitsari. Likitocin ƙasar nan sun sha ganin wanda ya zo da Afolo mai tafiya don kansa, ya wanke da fitsarin mai ciwon sanyi, ƙwayar ta huda masa ido cikin 'yan kwanaki. Kwalli ma da muke ɗauka magani ne, ana ɗura wa jarirai da maciyi ɗaya gida guda, a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da gubar dalma ta hau jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Binciken 2005 zuwa 2007 ya kuma nuna cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, ba likita ne ya yi aikin ba, masu tura yanar ciki da tsinke ne. Duk wannan ɓarna ce, kuma duk wanda ya kare ta da sunan al'ada, abokin gabar talaka ne. Amma ku lura da abu ɗaya. Mai tsinken nan har ƙofar gida yake zuwa, da Hausa yake magana, kuma yana karɓar akuya ko hatsi. Ya fi mu sanin inda mai ciwo yake. Ya ci kasuwar da muka bar masa ne.

Mai kemis fa? Ba zan ce a rataye shi ba, domin a garuruwa da yawa shi ne likita, shi ne nas, shi ne banki. Amma lasin da yake riƙe da shi na sayar da ƙananan magunguna ne waɗanda ba sa bukatar takardar likita, kuma maganin ido mai sitiroyid ba ya cikinsu. Doka tana nan a rubuce. Ga Hukumar NAFDAC tun 1993, ga Majalisar Harhaɗa Magunguna da aka sabunta dokarta a 2022 aka ƙara mata iko a kan irin waɗannan shaguna. Mun ga yadda aka tashi tsaye a 2018 aka hana maganin tari mai kodin da zarar labarinsa ya kunyata ƙasa. Ashe in an so ana iyawa. Bambancin kawai shi ne mai shan kodin yana tangaɗi a titi kowa yana gani, wanda kwalba ta makantar kuwa yana zaune a zaure, shiru, yana cewa haka Allah ya so. Kuma kwalbar ba daga sama ta faɗo Katabu ba. Akwai wanda ya shigo da ita, akwai dilan da ya sayar da ita katan-katan ga wanda ya san ba shi da izinin sayarwa. Waɗannan duk sun yi makaranta.

Babban giɓin dai shi ne tsakanin kemis da Mando babu kowa. Asibitin Ido na Ƙasa an gina shi ne don manyan ayyuka da koyar da likitoci da bincike, ba don kowane jan ido na Jihar Kaduna ya je ya yi layi ba. Abin da mutumin Katabu yake bukata a ranar farko bai kai haka tsada ba: ma'aikacin lafiya ɗaya a asibitin shan magani na unguwa, da tocila, da allon gwajin gani, da wata 'yar takarda mai rini da ake taɓawa a ido, wadda ke sa duk inda ya ƙarzu ya fito kore shar, da man ido irin su kuloramfenikol ko tetarasaikilin. Sai kuma sanin abin da ya fi ƙarfinsa. In gani ya ragu, in akwai zogi mai tsanani ko gudun haske, in farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido, in wani abu ne ya tsone shi, in mugunya tana kwarara, in jariri ne sabon haihuwa, in kuma jan ya wuce mako biyu, to, wannan ba na ajiyewa ba ne, takarda za a ba shi ya wuce Mando a ranar, a kuma karɓe shi a ranar. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, a gama da su a nan Katabu, mutum ya koma sana'arsa bai yi asarar wuni ba.

Wannan ba sabon tunani ba ne balle a ce ana nazarinsa. An amince da shi a taron Alma-Ata a 1978. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ta fama a kansa sa'ad da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, alkawarin da Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cikawa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don lafiya a matakin farko. A 2018 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da littafin koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci duba ido. Takardu dai sun cika kabad. Maƙwabtanmu kuwa, Gana ta kawar da amosanin ido a matsayin annobar jama'a a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Binin da Mali a 2023. Mutanen ƙauyukan Mali ba su fi na Igabi digiri ba.

Haka batun wurin aiki. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a ba ma'aikaci abin kare ido a ayyukan da ke watsa ɓurɓushi. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a wani asusu, don wanda ya ji rauni a bakin aiki. Madalla. Amma yaron mai walda da ke riƙe ƙarfe yana kau da kai, da ɗan ƙwadagon da aka ɗauka yankan shinkafa na wuni ɗaya, da karen mota, ba su cikin rajistar kowa. In idonsu ya tafi, diyyarsu ita ce "Allah ya ba da lafiya", sai kuma a cire ƙaramin yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora. Ido ɗaya ya ci mutum biyu ke nan. Tabarau na roba mai kare ido kuwa kuɗinsa bai kai na zuwa asibiti sau biyu ba, amma ban taɓa jin an raba shi tare da takin zamani ba.

Saura mu, 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, Allah ya ƙara muku sani. Ku buɗe kwalin kowane maganin ido ku zaro 'yar takardar da ke ciki. Gargaɗin duk yana nan, cewa kada a ɗiga a kan gyambo, kada a daɗe ana sawa ba tare da awo ba, a jefar da kwalbar bayan mako huɗu da buɗewa. Da wane harshe? Da Turancin da ɗalibin ajin ƙarshe ma sai ya buɗe ƙamus, da ƙananan baƙaƙen da mai lafiyar ido ma sai ya ƙanƙance shi, balle mai ciwo. Muka rubuta gargaɗi da harshen da mutum ba ya ji, ya faɗa rami, muka ce masa jahili. Muna da sashen Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da Kaduna, muna da sashen likitanci da na harhaɗa magunguna a harabar jami'a ɗaya, amma tsakaninsu kamar an gina ganuwa. Harshenmu ya riga ya ba mu yana da hakiya da dundumi da amosani da kwantsa. Abin da ya rage shi ne a zauna, mai harshe da mai likitanci, a tsai da sunan kowane jan ido daban, yadda mace a Katabu za ta iya cewa wannan na jira ne, wancan na gudu ne.

Ina kira ga wannan ƙungiya tamu ta fara da abu ɗaya ƙarami kafin hutun kaka, lokacin da gyambon manomi yake yawa. A sami ɗaliban likitanci biyu da na Hausa biyu, su rubuta alamomin nan bakwai a takarda ɗaya, da boko da ajami, da manyan baƙaƙe, a ƙasa a sa sunayen magungunan nan uku da gargaɗin kada a saya sai da takardar likita. Wani likitan ido ya duba ya sa hannu. Sa'an nan a shiga motar Kaduna a sauka Mararraba, a nemi izinin mai gari, a liƙa a ƙofar kowane kemis, da tashar manyan motoci, da injin casar shinkafa, da bakin masallacin Juma'a, a kuma karanta wa waɗanda suka taru.